Daga Adelaide zuwa Darwin a mota: kwana nawa, wane wata, wace mota?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu uku ne muke shirin yawon buɗe ido a Ostireliya, hutun mako biyu. Niyyarmu mu ɗauki motar haya a Adelaide mu ratsa tsakiyar ƙasar har Darwin, mu biya ta dutsen Uluru. Disamba muke tunani, kwana biyar a hanya, sauran mu yi su a Sydney. Masu sani a taimaka da shawara.

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, gyara biyu tun kafin a yi nisa: watan da kuka zaɓa, da yawan kwanakin. Ƙasar nan tana kudu da tsakiyar duniya, don haka Disamba a can tsakiyar bazara ce. A Uluru da Coober Pedy zafi yana haura digiri 40, a arewa kuma, wajen Katherine da Darwin, damina ce daga Nuwamba zuwa Afrilu, ruwa yana shanye hanyoyi, ana rufe wurare da dama a gandun Kakadu. Lokacin wannan tafiya daga Mayu ne zuwa Satumba.

Kwana biyar kuwa tuƙi kawai za ku yi, ba kallo. Adelaide zuwa Darwin ta babbar hanyar Stuart ta kai kilomita 3,000, kamar Kano zuwa Legas sau uku. Uluru kuma ba a bakin titi yake ba: daga mararrabar Erldunda sai an yi kusan kilomita 250 yamma, sannan a dawo. Idan aka haɗa da kwazazzabon Kings Canyon da Kakadu, lissafi yana kaiwa wajen 4,400. Ku ba hanyar kwana 12, ku bar Sydney sai wata shekara.

Ɗan Fagge:
Kawu, ai na ji titin a miƙe yake ba rami, kuma a jihar arewa an yarda a yi gudun 130. Idan muna karɓa-karɓa mu uku, dare da rana, ba za mu rage kwanaki ba?

Kawu Direba:
Daren shi ne babu. Kangaru yana fitowa kiwo da magariba, da dare, da asuba, kuma idan fitila ta haske shi ba ya guduwa gefe, tsalle yake yi ya faɗo gaban mota. Babbansu ya kai nauyin ƙaton mutum. Ga shanu, domin gonakin kiwo na can da yawa ba su da shinge a bakin titi, ga raƙuman daji. Ƙaramar mota idan ta yi karo da ɗaya, lagireto ne ke fara fashewa, kana tsakiyar daji. Kamfanonin haya da yawa sun rubuta a yarjejeniya cewa inshora ba ta biyan haɗarin dabba da dare a wajen gari. A Yuni da Yuli rana tana fitowa bayan bakwai ta faɗi wajen shida, to ku tashi takwas, ku sauka kafin biyar. Wannan awa tara ɗin su ne jarinku, a kansu za ku yanka kowane zango.

Idan dabba ta fito, taka birki a miƙe, kada ka murɗa sitiyari. Yawancin kifewar mota a can daga kaucewa take zuwa, taya ta sauka kan tsakuwar gefe, direba ya fizgo da ƙarfi.

Maman Ikram:
Kun yi nisa da maganar mota alhali ba a shiga ƙasar ba. Ƙanena, bizar yawon buɗe ido lambarta 600, ta intanet ake cikewa a shafin ma'aikatar cikin gidansu, sannan a kira ka ɗaukar hoton yatsu. Abin da suke dubawa biyu ne: kana da kuɗin tafiyar, kuma kana da abin da zai dawo da kai gida. Saboda haka a saka bayanan asusun banki na watanni, takardar hutu daga wurin aiki ko rajistar kasuwanci, da tsarin tafiyar rana-rana. Kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya don a cika ido shi ke jawo tambaya. Kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ku riƙe katin rigakafin shawara, ana neman sa ga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar cikin kwana shida. Babu jirgi kai tsaye, yawanci ta Doha ko Dubai ake bi.

Sai babbar magana: guzuri. Kilishi, dambun nama, man shanu, ɗanyen goro, zuma, daddawa, duk wani iri ko tsaba, har takalmin da laka ta bushe a ƙasansa. A jirgi za a ba ku kati, a cikinsa akwai tambaya kan abinci da tsirrai da kayan dabba. Ku amsa da eh ko da ƙullin yaji ne kawai. Wanda ya bayyana, iyakaci a duba a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye kare ya shinshino, tara ce mai nauyi, kuma suna da ikon soke biza nan take. Kilishi dai ku cinye shi a gida, ba zai shiga ba.

Baban Sadik:
Ni ina ganin duk wannan wahala ce ba dole ba. Akwai jirgin ƙasa mai suna The Ghan, Adelaide zuwa Darwin, kilomita 2,979, kwana biyu a hanya, yana tsayawa a Alice Springs da Katherine a zaga da ku. Ba kangaru, ba gajiya. Ko kuma ku hau jirgin sama daga Sydney ko Melbourne kai tsaye zuwa filin jirgin da ke kusa da Uluru, ku yi kwana uku ku koma.

Bakanike:
Alhaji, jirgin ƙasan na masu hannu da shuni ne, kuɗin kujerar mutum ɗaya zai iya biyan hayar mota da man su ukun. Kuma layin dogon bai bi ta Uluru ba, tsakanin Alice Springs da dutsen akwai wajen kilomita 450. Shawararka ta jirgin sama ita ce daidai ga wanda yake da kwana biyar kacal. Amma tunda mako biyu ne da su, mota ta fi.

Ga abin da za a duba a wurin haya. Na ɗaya, kuɗin ajiye mota a wani gari daban da inda aka ɗauka, yana iya yin yawa ƙwarai, a tambaya kafin a biya. Na biyu, iyakar kilomita: wasu motocin ana ƙayyade musu kilomita kaɗan a rana, abin da ya haura a caje ka a kan kowace ɗaya, a tafiyar 4,400 wannan kisa ne. Na uku, yarjejeniya takan hana ƙaramar mota hawa hanyar burji, ka hau ka lalata, kai za ka biya duka. Sai a buɗe but a ga safayar taya cikakkiya ce ba 'yar siririyar nan ba, a ga jak da sifana suna nan, a gwada iskar safayar.

Ba sai da jif ba. Hanyar Stuart, hanyar Lasseter zuwa Uluru, hanyar Luritja zuwa Kings Canyon, da manyan hanyoyin Kakadu duk kwalta ne.

Lasisi: a tafi da na gida tare da na ƙasa da ƙasa. Hannun hagu suke bi, sitiyari a dama, kamar yadda Najeriya take kafin 1972. A miƙaƙƙen titi ba a rikicewa. Inda hannu ke komawa tsohuwar ɗabi'a shi ne fitowa daga gidan mai zuwa titin da babu mota ko ɗaya, da shataletale, wanda ake zagawa ta hagu a ba na dama hanya. Wanda ke zaune kusa da direba ya riƙa cewa "hagu" duk lokacin da za a hau titi.

Kawu Direba:
Ga yadda zan yanka zangon. Ranar farko Adelaide zuwa Port Augusta, kilomita 300 da 'yan kai, a yi sayayya a nan don shi ne babban gari na ƙarshe kafin Alice Springs. Ta biyu zuwa Coober Pedy, wajen 540. A wannan tsakanin ne gwajin farko yake: daga Glendambo zuwa Coober Pedy kusan kilomita 250 babu gidan mai. Hanyar tana ratsa yankin gwajin makamai na Woomera, an hana sauka daga titi a shiga daji. Za ku ga inda aka faɗaɗa titi aka yi masa fenti, filin saukar gaggawa ne na jirgin likitocin sama, waɗanda suke aiki tun 1928. Kada a yi fakin a wurin.

Daga Coober Pedy zuwa Erldunda kusan 490, a sha mai a Marla. Washegari Yulara, ƙauyen masaukin da ke bakin gandun Uluru.

Bakanike:
A kan mai: ƙa'ida ita ce allura ta kai rabi, ka cika, ko da tsada. Motar da aka rubuta tana shan lita 8 a kilomita 100, idan aka ɗora mata mutum uku da kaya da na'urar sanyi da gudun 130 da iska ta gaba, za ta sha 10 ko 11. Tankin lita 60 da kake lissafin zai kai ka 750 sai ya tsaya a 550. Gudun 110 ya fi arha kuma ya fi ba ka lokacin birki. A tsakiyar ƙasar za ku ga famfo an rubuta Opal. Fetur ne da aka rage masa sinadarin da ke bugarwa saboda matsalar shaƙar fetur a wasu ƙauyuka, motar da ke shan fetur mai lamba 91 tana shan sa lafiya.

Sai tirelolin can masu jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu yana kaiwa mita 53. Kafin ka wuce ɗaya kana bukatar ganin titi fayau fiye da kilomita ɗaya a gabanka, kuma bodin ƙarshe yana lilo. Idan babu tabbas, bi bayanta da tazara, ba ta jinkiri sosai. Mikiyar can kuma tana sauka kan mushe a tsakiyar titi, tana da nauyin tashi, a rage gudu a danna hon tun daga nesa, in ba haka ba gilashin gaba ne zai tafi.

Malam Na-Damagaram:
Abin da matafiyan Sahara suka sani shi ne ke aiki a can. Ruwa: jarka biyu ta lita 10 sun fi ɗaya ta lita 20, domin idan ɗaya ta huje ba a rasa duka ba. Wannan na ajiya ne, ban da na sha na yau da kullum. Idan mota ta mutu, a zauna wurinta, a yi inuwa, a buɗe bonet don a gane ana neman taimako. Mota ana hango ta daga sama, mutum mai tafiya a ƙasa ba a ganin sa, kuma ƙishirwa ta fi saurin kama shi. A hanyar Stuart motoci suna wucewa, jira ne kawai. Layin waya: Telstra ya fi kowa kamawa a daji, shi ma a garuruwa da tashoshi ne, tsakani shiru. A sauke taswira a waya tun daga gari. Lambar gaggawa 000.

Sannan a gyara tunani kan alƙibla. Mu mun saba "gabas" da "alƙibla" abu ɗaya ne a bakinmu. A Ostireliya Makka tana yamma ne da ɗan karkata arewa, wato wajen faɗuwar rana. Da tsakar rana kuma a watannin da Kawu ya faɗa rana tana ta arewa, inuwa tana kwanciya kudu. Kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Agogo: jihohin biyu da za ku ratsa suna gaban Najeriya da Nijar da awa takwas da rabi a wannan lokacin.

Akwai tarihin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya bi hanyar. Tun daga 1860 aka fara kawo raƙuma da masu jan su daga yankin Afganistan da Balucistan da Indiya ta wancan lokaci, su suka yi dakon kaya lokacin da aka ja wayar tangarahu daga kudu zuwa Darwin, wadda aka gama a 1872. Sunan jirgin ƙasan da Alhaji ya ambata daga sunansu aka yanko shi. Masallacin Adelaide da suka gina a ƙarshen shekarun 1880 yana nan ana salla a ciki, akwai masallaci a Alice Springs da Darwin. Da motoci suka zo aka saki raƙuman a daji, jikokinsu ne Kawu yake cewa ku kiyaya.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam. To abinci fa a hanya? Kuma Coober Pedy wurin kwana ne kawai ko akwai abin gani?

Maman Ikram:
Naman halal a saya a Adelaide a sa a kula da ƙanƙara, sai kuma Alice Springs. A tashoshin hanya naman alade yana shiga abubuwa da yawa, har burodin ƙwai na safe, a tambaya kafin a ci. Gwangwanin kifi, ƙwai, shinkafa, taliya da ɗan risho na gas sun wadatar. A arewa akwai kifin barramundi. Ɗanyen kayan marmari kuma ana hana tsallaka iyakar jiha da wasunsu saboda ƙudan da ke lalata 'ya'yan itace, ku karanta allunan bakin hanya, inda aka ajiye kwandon zubarwa a zubar.

Coober Pedy ku ba shi yini. A 1915 aka gano dutsen ado na opal a wurin, kuma saboda zafi mutane da yawa a cikin ƙasa suka haƙa gidajensu, har da otal da coci. Ɗakin cikin ƙasa yana zama wajen digiri 23 zuwa 25 dare da rana, ku kama irinsa. Gargaɗi ɗaya: bayan gari cike yake da ramukan haƙa marasa murfi. Kada a yi yawo a filin haƙa ba ɗan jagora, kada a ja da baya ana ɗaukar hoto. Da la'asar a je tsaunukan Breakaways, kusa da su ne shingen karnukan daji ya wuce, wanda tsawonsa ya haura kilomita 5,000. Amma hanyar wurin burji ce, ku duba yarjejeniyarku ko ku bi motar 'yan jagora.

Baban Sadik:
Tunda kun kayar da ni a maganar jirgi, bari in ba da tawa a kan Uluru. A hanyar Lasseter za ku hango wani ƙaton dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, kada ku yi murna, Mount Conner ne, Uluru yana gaba da fiye da kilomita 100. Tikitin shiga gandun na kwana uku ne, ta intanet ake saya, kuma ba a kwana a ciki.

Tsayinsa mita 348. An mayar wa mutanen Anangu, 'yan asalin yankin, mallakarsa a 1985, an kuma rufe hawansa a ranar 26 ga Oktoba 2019, kada ma a tambaya. Abin yi shi ne zagaya gindinsa, kilomita 10 da ɗan ɗori, awa uku zuwa huɗu, a fara da fitowar rana. A nan ake ganin kogwannin dutse masu zane da tafkin Mutitjulu. Akwai wuraren da aka kafa allo an hana hoto saboda alfarmarsu a wurin masu ƙasar, a kiyaye, kuma ba a ɗaukar ko tsakuwa. A ganina Kata Tjuta, mai duwatsu 36, kilomita 50 daga Yulara, ya fi Uluru daɗin tafiya. Hanyar kwarinsa kilomita 7.4 ce, ana rufe ta da ƙarfe 11 na safe idan hasashe ya kai digiri 36. Kings Canyon kuma zagayen bakinsa kilomita 6 ne, farkonsa matakala wajen 500 a tsaye, mai ciwon gwiwa ya bi hanyar ƙasan kwarin. Lita ɗaya ta ruwa ga kowace awa ta tafiya.

Abu biyu da baƙo ke rainawa: ƙuda da sanyi. Ƙudan can ido da hanci yake nema, a sayi ragar fuska da ake ɗorawa kan malafa. Daren Yuni da Yuli kuwa yana sauka har sifili, ya fi hunturun Jos nesa ba kusa ba, a tafi da rigar sanyi ta gaske.

Malam Na-Damagaram:
A ƙara da bandeji mai talewa guda biyu saboda maciji, kuma a manta da abin da aka saba a gida. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a wankewa, ba a ɗaure da igiya. Dafin macizan can ta hanyoyin ruwan jiki na ƙarƙashin fata yake tafiya, motsi ne ke tura shi. A naɗe ƙafar gaba ɗaya da ƙarfi kamar na targaɗe, daga yatsu zuwa sama, a ɗaura mata sanda, mutum ya kwanta kada ya taka, a kira 000.

Kawu Direba:
Rabin arewa: Alice Springs zuwa Tennant Creek wajen 510. Kilomita 30 da barin Alice akwai alamar layin Kafirikon, layin taswira da ke nuna iyakar yankin zafi na duniya ta kudu, sannan kafin Tennant da kusan 100 akwai Karlu Karlu, mulmulallun duwatsu a bakin titi, rabin awa ta isa. Tennant zuwa Katherine wajen 670, shi ne zango mafi gajiyarwa, gara a raba shi a kwana a Daly Waters ko Mataranka, inda ake wanka a maɓuɓɓuga mai ɗumi. A Katherine a shiga jirgin ruwa a kwazazzaban Nitmiluk, guda 13 ne a jere. Daga Pine Creek a karkata zuwa Kakadu, gandun da ya kusa murabba'in kilomita 20,000: zanen dutse na Ubirr da la'asar, jirgin ruwan Yellow Water da asuba. Daga Jabiru zuwa Darwin wajen 250.

Ɗan Fagge:
Kawu, a Kakadu ana iyo? Abokaina biyu 'yan ninƙaya ne.

Bakanike:
Daga Mataranka zuwa sama, duk ruwan da ba a kafa allon izinin wanka ba, ka ɗauka akwai kada a ciki. Kada iri biyu ne. Na ruwan daɗi ƙarami ne mai siririn baki. Babban, wanda ake kira na ruwan gishiri, yana haura mita 5, kuma sunan ruɗi ne, yana shiga koguna da tafkuna nesa da teku, musamman bayan ambaliya. Ba ya nuna kansa, kwanton ɓauna yake yi a bakin ruwa. A tsaya aƙalla mita 5 daga gaɓa, ba alwala a bakin kogi, ba wanke kwano. A mashigin Cahills da ke cikin Kakadu a kalle su daga dandamalin da aka gina, kada a sauka kan gadar.

Masu son iyo su je gandun Litchfield, awa ɗaya da rabi daga Darwin, magangarar Florence da Wangi, bayan an duba ko ma'aikatan gandun sun buɗe wurin a ranar. Tekun Darwin ma ba na faɗawa ba ne: ban da kada, daga Oktoba zuwa Mayu akwai wata halitta mai kama da farar leda mai dogayen igiyoyi, harbinta yana iya tsayar da zuciya. Maganin farko shi ne a kwarara khal, wato binega, a wurin, kada a goge. A cikin gari akwai tafkin wanka da aka killace a unguwar bakin ruwa, can za su je.

Maman Ikram:
Ku daidaita isowarku Darwin da Alhamis ko Lahadi, ranakun da kasuwar yamma ta bakin tekun Mindil take ci a lokacin rani. Kuma ku kama masaukin Yulara da Kings Canyon tun watanni kafin tafiya, ɗakunan kaɗan ne, Yuni zuwa Agusta cika suke yi. Motar kuma ku mayar da ita kwana ɗaya kafin jirginku, da tanki cike, ku ɗauki hotonta ta kowane gefe a gaban ma'aikacin.